Me ya sa ƙwayar halitta ke ƙera abin da zai hana ta rabuwa?

Tambaya: Malam, a darasi an ce mana enzayim ne ke tafiyar da rabuwar ƙwayar halitta, sai kuma aka ce akwai wasu furotin masu hana enzayim ɗin aiki, wai su ma suna taimaka wa rabuwar. A nan na ruɗe. Yaya mai hana aiki zai zama mai taimaka masa? Kuma shin da su ake yin maganin kansa?

Amsa: 'Yar'uwa, sunan da aka ba su ne ya ruɗa ki, kuma ba ke kaɗai ba. Enzayim dai furotin ne da ke gaggauta wani aiki a cikin ƙwaya. Da an ji "mai hanawa" sai a zaci maƙiyin aiki ne. Ni nakan kira su takunkumi, domin abin da suke yi ke nan: su rufe bakin enzayim ba tare da sun kashe shi ba, ya zauna a shirye har lokacin da za a kwance shi. Kwancewar ita ce ke zama umarnin fara aiki. Idan kin riƙe wannan, sauran duk bayani ne.

Mu fara da aikin kansa. Ƙwayar jikin mutum da ake reno a ɗakin gwaji takan ɗauki kimanin awa 24 kafin ta zama biyu. Da farko takan girma, wannan shi ne zangon G1. Daga nan ta kwafi DNA ɗinta gaba ɗaya a zangon S, wajen awa takwas tana yi, domin harafi kusan biliyan shida ne a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Sai ta ɗan dakata ta duba aikin a G2, sannan ta shiga M, inda take raba kwafin biyu ta tsage gida biyu cikin kamar awa guda. Kuskure iri biyu ne ba ya gyaruwa a nan. Ɗaya, a kwafi wani yanki sau biyu ko a tsallake shi. Na biyu, a fara rabo alhali ba a gama kwafi ba. Saboda haka abin da ƙwaya ta fi buƙata shi ne kowane mataki ya zo a kan lokacinsa, sau ɗaya, kuma in ya wuce kada a koma masa.

Enzayim ɗin da ke jan ragamar wannan tafiya ana kiran su CDK. Sana'arsu guda ce: su ciro wani ɗan guntun sinadari, fosfet, daga jikin ATP, mai ɗauke da makamashin ƙwaya, su manna wa wani furotin, mannawar ta sauya masa siffa, ya tashi aiki ko ya kwanta. CDK shi kaɗai ba ya tsinana komai sai ya haɗu da abokinsa saikilin. Tim Hunt ne ya gano saikilin a 1982, yana aiki da ƙwan wata halittar teku mai ƙaya a jiki kamar bushiya. Ya ga wani furotin yana taruwa a hankali, da ƙwan ya zo rabuwa sai ya ɓace ɓat, ya sake taruwa, ya sake ɓacewa. Shi da Paul Nurse da Leland Hartwell, waɗanda suka gano sauran sassan injin a cikin yis, wata halitta mai ƙwaya ɗaya tak, su aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2001. A jikinmu saikilin D kan haɗu da CDK4 ko CDK6 a farkon tafiya, saikilin E da A su haɗu da CDK2 wajen shiga kwafin DNA, saikilin B kuma ya haɗu da CDK1 ya tura ƙwaya cikin rabuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Saikilin a hankali yake taruwa, kaɗan-kaɗan, tsawon sa'o'i. Da a ce ƙarfin CDK na hawa daidai da taruwarsa, da ƙwaya ta riƙa shiga kowane mataki da ƙafa ɗaya: nan an fara kwafi, can ba a shirya ba, wani wurin kuma an fara an fasa. Ana buƙatar abin da zai mayar da wannan hawa na sannu-sannu ya zama tashi guda. Aikin takunkumi ke nan.

Ɗauki p27, ɗaya daga cikin waɗannan furotin masu takunkumi. Lambar nauyinsa ce kawai, ba wani sirri a ciki, haka ma 'yan'uwansa p21 da p57. Shi p27 idan yana shi kaɗai ba shi da tsayayyar siffa, lanƙwai-lanƙwai yake kamar igiyar da aka yar. Amma a 1996 aka samu hotonsa dalla-dalla yana riƙe da saikilin A da CDK2, kuma hoton abin kallo ne. Kansa ɗaya ya kama wani ɗan kwari a jikin saikilin, daidai inda furotin ɗin da za a manna wa fosfet kan sauka, ya tare wurin. Sauran jikinsa ya miƙe ya naɗe CDK2, ya karkatar da murfinsa, sannan ya cusa wani ɗan yatsa cikin ramin da ATP ke zama. Yatsan ya yi kama da ATP har ya cike gurbin tsaf. Ga enzayim cikakke, ga abokinsa a manne, amma ba wurin baƙo, ba wurin makamashi.

Yanzu duba yadda ake kwance shi, don nan ne hikimar take. A farkon G1 p27 ya fi saikilin E yawa, don haka duk CDK2 da ya haɗu da abokinsa sai a cafke shi nan take. Saikilin na ta ƙaruwa kamar ruwa a bayan madatsa, a waje kuwa shiru. Can daga baya sai adadin ya zarce na p27, 'yan CDK2 kaɗan su tsira ba takunkumi. Abu na farko da waɗannan tsirarun ke yi shi ne su manna wa p27 ɗin kansa fosfet. Wannan fosfet tambari ne: wani furotin mai suna Skp2 yana ganinsa sai ya sa a rataya wa p27 sarƙar wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, ita kuma sarƙar ta kai shi injin niƙa furotin na cikin ƙwaya, a daddatsa shi. Kowane p27 da aka niƙa ya saki CDK2 guda, wanda aka saki ya je ya yi wa wasu p27 tambari, su ma a niƙa. Cikin ɗan lokaci madatsa ta ɓalle gaba ɗaya. Kuma tun da niƙa shi aka yi, ba ɗaure shi aka yi a gefe ba, babu hanyar komawa baya. Kin ga ke nan mai hanawar ne ya ba matakin kaifinsa, shi ne kuma ya rufe ƙofa a bayansa.

Akwai wani ɗan ƙarin da littattafan makaranta kan tsallake. Su p21 da p27 ba kullum suke hana CDK4 aiki ba, sau da yawa ma su ke taimaka masa ya haɗu da saikilin D. Don haka idan saƙon girma ya zo daga waje, saikilin D ya yawaita, sai ya kwashe p27 ya riƙe, CDK2 ya samu sarari da wuri. Furotin guda, a nan takunkumi, a can ɗan aiken haɗa aure.

Idan kina son ganin aikin p27 da idonki, faranti ɗaya na ƙwayoyin fata lafiyayyu ya isa. Za su yi ta rabuwa har su shimfiɗe ƙasan farantin, kowace ta jingina da maƙwabciyarta, shimfiɗa ɗaya tak, sai su tsaya cak. A lokacin p27 ya cika cikinsu. Ki ɗauki tsinin bututun awo ki ja layi a tsakiya, ki kankare wasu. Washegari in kin duba a madubin ƙara girma za ki tarar na bakin layin sun miƙa jiki cikin filin, wasu sun dunƙule suna rabuwa, har sai sun cike gurbin su sake tsayawa. Ƙwayoyin kansa a irin wannan farantin ba sa tsayawa, hawa kan juna suke yi har su yi tudu. An kuma gwada abin a dabba sukutum: a 1996 aka samar da ɓerayen da aka cire musu umarnin ƙera p27 daga DNA. Sun rayu, amma sun fi 'yan'uwansu girman jiki, gaɓoɓinsu na ciki sun yi manya saboda yawan ƙwayoyi, kuma ƙari ya riƙa fito musu a wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A mutane ma, lalacewar p57 na cikin sanadin wata lalura da ake haifar jarirai da girman jiki da na harshe fiye da ƙima. Wato har girman gaɓa da takunkumi ake aunawa.

Shi p21 na ranar tashin hankali ne. Idan hasken rana mai ƙuna ko wani sinadari ya karya DNA, akwai masu gadi da ke gane karayar su tashi wani furotin mai suna p53. A zaman lafiya p53 ba ya daɗewa, ana ƙera shi ana niƙewa. Da an ji ɓarna sai a daina niƙa shi, ya taru, ya je kan DNA ya ba da umarnin a ƙera p21 da yawa. p21 ya rufe bakin CDK2, tafiya ta tsaya kafin a kwafi abin da ya karye. In gyara ya yiwu, p53 ya ragu, p21 ya bi shi, a ci gaba. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, p53 na iya sa ƙwayar ta kashe kanta. Kusan rabin duk kansar da ke kama ɗan Adam za ki tarar p53 ya lalace a cikinta. Giwa, wadda ke da ƙwayoyi ninkin namu ba adadi amma kansa ba ta cika kashe ta ba, tana ɗauke da kwafin umarnin p53 kusan ashirin, mu kuwa guda ɗaya muka gada daga uwa, ɗaya daga uba.

Ɗaya gidan takunkumin su ne p15, p16, p18 da p19. Waɗannan CDK4 da CDK6 kaɗai suka sani. Ba sa shiga ramin ATP kai tsaye, daga gefe suke kama enzayim ɗin su murɗa shi, ramin ya karkace, wurin zaman saikilin D ma ya karkace. Don ki gane amfanin hakan sai kin san Rb. Rb shi ma furotin ne mai riƙo: yana danne wani furotin, E2F, wanda shi ke buɗe umarnin duk kayan aikin kwafin DNA. CDK4 da CDK6 su ke fara manna wa Rb fosfet har ya saki. Jerin ke nan: p16 ya hana CDK4, CDK4 ya hana Rb, Rb ya hana E2F. Hani a kan hani a kan hani. Ɗalibai kan yi tsaki a nan, amma haka ƙwaya take gina kusan komai nata. Umarnin ƙera p16 yana kan kuromosom na 9, kuma yana cikin waɗanda kansa ta fi gogewa ko toshewa. A kansar gaɓar da ke ƙera insulin, fiye da kashi 90 cikin ɗari sun rasa shi. Yana kuma ƙaruwa a jiki da shekaru, yana sa tsofaffin ƙwayoyi su yi ritaya daga rabuwa har abada. Kariya ce daga kansa, amma wani ɓangare ne na dalilin da gyaran jiki ke yin nawa a tsufa.

Akwai abin mamaki game da p16 da ya kamata duk mai karatun lafiya ya sani. A kansar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, p16 ba ya ɓacewa, cika yake yi maƙil. Dalili shi ne cutar na ƙera furotin E7 da ke lalata Rb kai tsaye, da E6 da ke sa a niƙa p53. Tun da Rb ya tafi, ƙwaya ta ji abu ya kwance, sai ta yi ta zuba p16, ta ɗaure CDK4 tamau, amma a banza, domin wanda ake karewa ba ya nan. Likitocin da ke duba tsokar da aka yanko sun mayar da wannan kururuwar alama: in sun rina ta suka ga p16 ya game ko'ina, sun san akwai hannun HPV mai haɗari.

Ba kowane hani ne ake yi da furotin mai rungumar enzayim ba. CDK1 da saikilin B, masu tura ƙwaya cikin rabuwa, da fosfet ake ɗaure su. Wani enzayim mai suna Wee1 kan manna fosfet a bakin ramin ATP na CDK1 ya toshe shi, wani kuma, Cdc25, ya cire. Nurse ne ya samo Wee1 a yis ɗin da ke rabuwa tun yana rabin girmansa, kuma da yake a Edinbara yake aiki lokacin, sai ya raɗa masa kalmar mutanen Sukotlan mai nufin ɗan ƙarami. Salon dai irin na p27 ne: CDK1 da ya tsira yakan kashe Wee1 ya kuma ƙarfafa Cdc25, sai abin ya tashi lokaci guda.

Amma wanda ya fi burge ni duk cikinsu yana can ƙarshen tafiya. Bayan an kwafi kowace kuromosom, kwafin biyu na manne da juna, an zura su cikin wasu zobba na furotin da ake kira kohesin. Zaruruwa na fitowa daga ɓangarori biyu na ƙwaya su kama su, wannan ya ja hagu, wancan ya ja dama, zobba na riƙe. Almakashin da zai yanke zobban shi ne enzayim sefares, kuma yana nan a cikin ƙwaya tun da daɗewa, da kaifinsa. Abin da ya hana shi yanka shi ne sekurin, wanda ke kwance a tsakanin bakin almakashin, ya yi kama da abin yanka amma ba ya yankuwa. Wanda zai rataya wa sekurin sarƙar niƙa wani babban enzayim ne, APC/C, shi ma kuma an ɗaure shi. Duk kuromosom ɗin da zare bai kama ta ba tana ƙera wani takunkumi, wanda furotin Mad2 da BubR1 ke ciki, ya bazu cikin ƙwaya ya riƙe APC/C. Wuraren kamu 92 ne a ƙwayar mutum, biyu ga kowace kuromosom. Ko ɗaya ne ya rage bai kamu ba, sauran 91 jira za su yi.

An tabbatar da haka ta wata hanya mai ban sha'awa a 1995. Conly Rieder da abokan aikinsa sun samu ƙwayar da duk kuromosom ɗinta suka jeru sai guda ɗaya da ta maƙale, ƙwayar na tsaye tana jiranta. Suka auna wurin kamun da ya rage da hasken leza suka ƙone shi. Kuromosom ɗin ba ta kamu ba, amma bakin da ke cewa "a dakata" ya mutu, sai ga ƙwayar ta ci gaba da rabuwa cikin kamar minti ashirin. Ashe ba ƙirga waɗanda suka kamu take yi ba, sauraron mai kuka take yi. Da kuka ya ɗauke, APC/C ya kuɓuta, a niƙa sekurin, sefares ya yanke zobban duka kusan lokaci ɗaya, kwafin su rabu. Shi APC/C ɗin ne kuma ke sa a niƙa saikilin B, ɓacewar nan da Hunt ya gani a ƙwan halittar teku. Ko ƙwan mace da irin wannan dabarar yake jira: yakan tsaya a tsakiyar rabuwarsa ta ƙarshe, wani furotin mai suna Emi2 na riƙe da APC/C, sai maniyyi ya shiga kalsiyam ya tashi sannan a niƙa Emi2 a ƙarasa.

Sai batun magani. Ba furotin ɗin kansu ake ba mara lafiya ba, domin furotin ba ya shiga ƙwaya cikin sauƙi. Ƙananan sinadarai ake ƙerawa su yi irin aikinsu. Tsofaffin magunguna kayan aiki suke tarewa: metotirekset da haidiroksiyuriya duk enzayim ɗin da ke samar da tubalan DNA suke hanawa, ƙwaya ta shiga kwafi ta tarar ba kaya. Suna aiki, amma ba sa bambance ƙwayar kansa da ta ɓargo ko hanji, waɗanda su ma kullum cikin rabuwa suke. Magungunan farko da aka ƙera don CDK ma sun ba da kunya, saboda duk dangin suke dokewa, har da waɗanda ƙwaya ke buƙata don wasu ayyuka daban, gubarsu ta yi yawa.

Nasara ta zo ne da aka kwaikwayi p16, aka nufi CDK4 da CDK6 kaɗai. Amurka ta amince da falbosaikilib a 2015, ribosaikilib da abemasaikilib a 2017. Dukkansu ramin ATP suke shiga su zauna. Galibi ana ba da su ne tare da maganin hana aikin homon ga masu kansar mama irin wadda estirojin, homon ɗin mata, ke ciyarwa, domin estirojin saikilin D yake sa a ƙera. A babban gwajin da aka wallafa a 2016 kan matan da cutar ta riga ta yaɗu a jikinsu, waɗanda suka sha falbosaikilib tare da maganin homon sun kai tsaka-tsakin wata 24.8 kafin cutar ta ci gaba, masu shan na homon kaɗai kuwa wata 14.5. Ci gaba ne na gaske, amma tsayar da cuta ne, ba warkarwa ba, kuma idan kansar ta rasa Rb maganin ya zama kamar p16 ɗin can na bakin mahaifa, yana riƙe da abin da riƙonsa ba ya hana komai. Wasu kuma sukan tsere ta hanyar yawaita saikilin E, su bi ta CDK2 su zagaye shingen.

Illar da aka fi gani ita ce raguwar fararen ƙwayoyin jini, tun da ɓargo ma da CDK6 yake aiki. Shi ya sa falbosaikilib da ribosaikilib ake shan su kwana 21 a huta kwana 7, a kuma riƙa auna jini. Sai dai ƙwayoyin ɓargon ba mutuwa suke yi ba, tsayawa suke yi a G1, da an ɗaga maganin su tashi. Wannan ne ya sa aka juya dabarar a wani magani, tirilasaikilib, da aka amince da shi a 2021. Ana ɗura shi ta jijiya kafin a ba mai wata irin kansar huhu maganinsa mai ƙarfi, don ƙwayoyin ɓargonsa su kwanta a G1 gubar ta wuce ta kansu. Ita kansar huhun kusan kullum ba ta da Rb, don haka ba ta jin takunkumin, tana cikin rabuwarta gubar ke samunta.